Raɗa wa Baƙon Abu Suna a Hausa: Misali daga Sandar Dogarawa

Duk mai dogara sanda ya san wahalar jingine ta. Da zarar an sake ta sai ta zame ta faɗi, ɗauko ta kuwa aiki ne ga gurgu ko tsoho. Saboda haka aka ƙera wani ɗan abu mai ɗauke da mayen ƙarfe, wanda ke manne sandar a jikin ƙofar mota ko ƙafar tebur ta ƙarfe. Da maɗauri ake ɗaura shi a jikin sandar, domin mayen ƙarfe ba ya kama itace ko alminiyam.

To, wane suna ya dace da shi? Mai fassara zai yi saurin cewa “mariƙin sanda”, alhali kuwa akwai gyara. Gaskiya ne ƙirar ma-…-i takan samar da sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da magirbi, amma kalmar mariƙi ta riga ta zauna a kan wurin da hannu ke kamawa. Wanda ya nemi mariƙi a kanti, kan sanda za a miƙo masa. A ganina “majinginin sanda” ya fi dacewa, tun da jinginar ce ta gagara tun farko.