Ko Kun Sani?

Ƙaramin yaro mai tarin fuka ba ya iya tofar da kaki, haɗiye shi yake yi. Shi ya sa likita kan zura siririyar roba ta hancinsa zuwa cikinsa da sassafe, tun bai karya kumallo ba, ya zuƙo kakin da ya kwana a ciki domin a gwada shi. Ana kuma ɗiba daga bayan hanci, har ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwada bayan gidan yaro. Na'urar GeneXpert na gano ƙwayar cutar cikin kimanin awa 2.

Iyayen unguwar Briqueterie, asibitin Jamot yana nan cikin Yaoundé. Yaron da ya yi mako 2 yana tari yana ramewa, ku kai shi a duba shi.