Kyamarar da ke gani cikin duhu da dabbobin dajin Nijar

A shekarar 2010, wata kyamara da aka girka a tsaunukan Termit, gabashin Nijar, ta ɗauko hoton rabbin Sahara, dabba mai kama da damisa wadda aka ƙiyasta manyanta ba su kai 250 ba a duniya. Ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation Fund sun daɗe suna bin sawunta, sai cikin dare ta faɗo hannu.

Na'urar ba ta haska fitila. Ɗumin jikin dabba da motsinta ke tayar da ita, ta saki hasken da idon mutum ba ya gani, hoto ya fito baƙi da fari.

A ƙasar Kurfey, inda kwarin Dallol Bosso ya ratsa Filinge ya gangara yankin raƙuman dawa na Kure, kyamarar da za a ɗaure a itace a koma gida ta fi madubin ganin dare amfani. A Kure ne aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agustan 2020, da rana tsaka ma. Matashin da aka tsinta a daji cikin dare da madubi a fuska, ba sojan da zai yarda kura ko yanyawa yake nema.