Me Ya Sa Saiwa Ke Gudun Haske?

Kin taɓa lura da ƙwayar wake idan ta tsira? Ko yaya kika jefa ta a rami, ganye sama zai yi ya nemi rana, saiwa kuwa ƙasa za ta nufa.

Sirrin yana can a bakin saiwar. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin sitaci a wurin, waɗanda nauyinsu ke sa su kwanta ta ɓangaren ƙasa, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba. Su ke nuna wa saiwa hanya. Bakin nan kuma yana jin haske, sai ya kauce masa, domin danshi da abinci a cikin duhun ƙasa suke. Tun 1880 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya nuna muhimmancin bakin saiwa.

To, 'yar'uwa, in za ki rena tumatir ko zogale a gida, kada ki sa a robar ruwa mai nuna ciki. Gansakuka za ta fito, rana ta gasa saiwar. Nemi baƙar leda ko tsohuwar tukunya, ki huda gindin. Dashe kuma da yamma, ki ɗauko shi da ƙasarsa.

Allah ya sa albarka.