TSOHON BENE DA SABUWAR TAGA: Yadda Gilashi Ke Rage Zafi da Kuɗin Wuta

Duk wanda ya taso daga Wudil ya nufi birnin Kano, da zarar ya kusa Ƙofar Nassarawa zai hango Gidan Ado Bayero ya yi tsiri sama. An gina wannan dogon bene ne domin ofisoshi, amma da aka kafa Jami'ar Northwest a 1912+100, wato 2012, sai aka gyara shi ya zama mazauninta na cikin gari. Wannan ya nuna cewa tsohon bene ba abin yarwa ba ne. Tambayar da ke gaban masana ita ce, in za a gyara irin waɗannan gine-gine, ta ina ya kamata a fara? Amsar da kimiyya ta bayar ita ce: ta taga.

Ta Ina Zafi Ke Shiga?

Hasken rana ba wanda ido ke gani kaɗai ba ne. Kusan rabinsa haske ne marar ganuwa, wanda masana ke kira infared, kuma fata ce ke jin sa a matsayin zafi. Gilashin da aka saba sa wa tagogi yana barin kimanin kashi 80 cikin ɗari na zafin rana ya ratsa shi. Da zafin ya shiga, sai daɓe da bango da kujeru su shanye shi, ɗaki ya koma tanderu.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce hawa ɗaya na bene yana da gilashi murabba'in mita 40 da ke duban yamma, kuma da la'asar rana na zuba wat 600 a kan kowace murabba'in mita. Zafin da zai shiga ya kai wat 19,200. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana kwashe kimanin wat 3,500 ne kawai. Ke nan sai an kunna shida kafin a kori zafin tagogin nan kaɗai, ban da na mutane da fitilu da kwamfutoci. Idan wuta ta ɗauke, man janareta ne zai biya wannan bashi.

Gilashin Zamani

Gilashin zamani falle biyu ne, da ɗan sarari a tsakani wanda aka cika da busasshiyar iska ko iskar argon, aka liƙe gefensa. A fuskar ciki ta fallen waje ana shafa azurfa wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba. Wannan shafi yana barin hasken gani ya wuce, ya mayar da mafi yawan infared waje. Mai kyau daga cikinsu ba ya barin fiye da kashi 30 cikin ɗari na zafi ya shiga. In muka koma lissafinmu, zafin ya sauko zuwa wat 7,200, aikin na'ura biyu ke nan maimakon shida.

An gwada irin wannan gyara a benen Empire State da ke birnin New York na Amurka, mai hawa 102, wanda aka gama ginawa a 1931. A 2010 aka ciro tagoginsa 6,514, aka gyara su a wani ɗakin aiki cikin benen, aka saka musu siririyar leda mai mayar da zafi tare da iskar da ke tare shi, aka mayar da su gurbinsu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na tsohon gilashin da firam ɗinsa aka sake amfani da su. Burin dukan gyaran shi ne rage makamashin da benen ke ci da kashi 38 cikin ɗari.

Kowa da Kiwon da ya Karɓe Shi

Sai dai mai karatu ya lura, Kano ba New York ba ce. A ƙasashen sanyi babban aikin taga shi ne tsare ɗumin ɗaki kada ya fita. Mu kuwa da ke digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40, abokin gabarmu hasken rana ne. Saboda haka mai sayen gilashi ya fara tambayar yawan zafin ranar da yake bari ya shiga, ba kaurinsa ko duhunsa ba. Baƙin gilashi yakan shanye zafi ya turo wani sashe ciki, ga shi kuma ya duhunta ofis har a kunna fitila da rana tsaka.

Na biyu, inuwa ta riga gilashi. Da yake rana kan bi ta saman kanmu, 'yar rumfa bisa taga ta isa kare kudu da arewa. Gabas da yamma ne ke shan rana a karkace, don haka can ya kamata a kashe kuɗin gilashi mai tsada, a ƙara da shingen inuwa ta waje. Na uku, a lura da liƙin gefe, domin in zafi da ƙurar hunturu suka cinye shi, iskar ciki za ta tsere, raɓa ta shiga tsakanin fallayen.

Kakanninmu sun san wannan sirri. Sorayen birni suna da katanga mai kauri ta tubali da ƙananan tagogi can sama. Ka'idar tattalin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ma ta bi wannan sawu, inda ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa.

Rushe bene a gina sabo kuwa asara ce biyu, domin sarrafa siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan'adam ke turawa sama. Ga ɗaliban injiniya da na zanen gini a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, nan akwai aikin bincike a bakin ƙofa: a ɗauki ma'aunin zafi, a auna ɗakunan gabas da na yamma tun daga bazara har hunturu, domin mai gyaran bene ya sami alƙaluman ƙasarmu ya dogara da su.