Yadda girgizar ƙasar Maroko ta ratsa ƙarƙashin Adar

A daren 8 ga Satumban 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa yankin Marrakesh na Maroko, inda ta halaka mutum kusan 3,000. Kimanin minti biyar bayan haka, motsinta ya ratsa ƙarƙashin Deule da Buza da Keita a jihar Tawa, ba wanda ya ji.

Da irin wannan motsi masana ke leƙa cikin duniya, domin rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa, a Kola ta Rasha, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba. Duniya kamar ƙwai take: ɓawo a sama, gwaiduwa a tsakiya. A tsakaninsu akwai dutse mai kauri da ake kira mantil, wanda ya kai zurfin kusan kilomita 2,900.

A saman mantil, motsin girgiza mafi sauri na cin kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, a ƙasansa kuma fiye da 13. Nauyin dutsen ma ƙaruwa yake, daga kusan ninki 3.3 na nauyin ruwa zuwa 5.5. A zurfin kilomita 410 da 660 saurin kan ƙaru kwatsam, saboda matsi na sauya tsarin ma'adinan. Adam Dziewonski da Don Anderson ne suka tattara alƙaluman saurin da na nauyin a 1981.

Motsin ya fi sauri cikin dutse mai sanyi, yana kuma rage gudu a mai zafi. Yamma da Adar, ƙarƙashin Mali da Burkina Faso, tsohon dutse ne mai sanyi, mai kaurin wajen kilomita 200. A arewa, ƙarƙashin tsaunukan Hoggar na Aljeriya, gudun ya ragu, alamar zafin da ake ganin shi ya ɗaga yankin.

Nijar na nesa da bakin faifan ƙasa, inda manyan girgiza ke faruwa, amma nisa bai hana motsi gaba ɗaya ba. Mutanen Kwoi a Kaduna sun ji shi a 2016, na Mpape a Abuja kuma a 2018.

Matsalar ita ce ƙarancin na'urorin aune a Sahel. Akwai tasha a Tamanrasset, akwai cibiyar bincike a Toro ta jihar Bauchi, amma tazarar da ke tsakaninsu ta haura kilomita 1,000, kuma Adar na cikin wannan tazara.