Birni Ya Faɗi, Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Ranar 9 ga Afrilun 2003 sojojin Amurka suka ɗaura sarƙa a wuyan mutum-mutumin Saddam, shugaban Iraƙi na lokacin, da ke dandalin Firdausi a Bagadaza, suka finciko shi ƙasa, jama'a na jibgar kansa da takalma. Mako uku ke nan da fara yaƙi. Wanda duk ya kalli talabijin a daren ya kwanta da cewa magana ta ƙare.

Shugaba Bush na Amurka ma haka ya ɗauka. Ranar 1 ga Mayu ya dira a kan jirgin ruwan yaƙi mai suna Abraham Lincoln sanye da kayan matuƙa jirgin sama, ya shelanta cewa manyan faɗace-faɗace sun zo ƙarshe, ga ƙaton ƙyalle a bayansa ɗauke da saƙon an kammala aiki. Ya riga malam masallaci. A ranar, sojojin Amurka da suka mutu ba su kai 200 ba. Kafin su tattara komatsansu a Disambar 2011, sun kusa 4,500. 'Yan Iraƙi kuwa, asararsu ta ninka wannan sau da yawa.

Abin da kyamara ba ta ɗauka ba shi ne takardar da Paul Bremer, kantoman da Amurka ta naɗa, ya sa wa hannu a watan Mayun nan, ya rushe rundunar sojan Iraƙi. Dubban ɗaruruwan mazaje da suka iya bindiga suka wayi gari babu albashi. Daga nan wutar tawaye ta samu makamashi.

Dattawan Najeriya sun san irin wannan. Inugu, hedikwatar Biyafara, ta faɗa hannun sojojin tarayya tun Oktoban 1967, amma bindiga ba ta yi shiru ba sai Janairun 1970.

Yau hukuncin ya fi sauri, don a waya ake yanke shi. Bidiyon tanka ɗaya tana ci da wuta ya ishi majalisar mai shayi ta raba gardama, alhali ɓangaren da ya saki bidiyon ba zai taɓa nuna tasa tankar da ta ƙone ba. Mai son gane inda yaƙi ya dosa, gara ya tambayi wa ke da abinci da man fetur da harsashi na wata shida masu zuwa, wa ke biyan sojojinsa, kuma ina waɗanda aka kora daga birni suka nufa da makamansu.

Na Iraƙi dai wasunsu sun sake ɓullowa a cikin ƙungiyar IS, wadda ta ƙwace birnin Mosul a Yunin 2014, shekara 11 bayan an rataya ƙyallen nan.