Damuwar da ɗan kasuwa ke ɓoyewa: shin hira da likita magani ce?

Duk wanda ya san fatauci ya san cewa jarinmu na gaskiya shi ne suna. A zangon Lome ana ba mutum kayan miliyoyin sefa babu takarda, don kawai mai gida ya ce ya san shi. Shi ya sa ɗan kasuwa zai gaya maka yana da hawan jini ko ciwon suga, amma ba zai taɓa cewa wata uku ke nan barci ya ƙaurace masa ba. Tsoronsa kada a ce ya taɓu, masu ba shi bashi su janye hannu, masu neman 'yarsa su ja da baya.

Kuma abin damuwar bai yi mana kaɗan ba. A 1977 aka rushe tsohon zango da ke tsakiyar gari, aka kwashe iyayenmu zuwa bayan gari wajen Agoe, nesa da kasuwa. A watan Janairun 2013 babbar kasuwar Lome ta ƙone, kwana kaɗan bayan ta Kara. Na ga magidanta da suka sake haɗa jari bayan gobarar, amma har yau ba su koma yadda suke ba. Mutum ya zama mai saurin fushi, ko ya daina zama majalisa, iyali su rasa gane kansa.

Wannan ne ya sa na shiga karatu a kan wani magani da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira saikodainamik. Ni dai na raɗa masa suna hirar tonon zuci. Ba allura, ba ƙwaya. Mutum zai zauna da ƙwararre kamar minti 50, galibi sau ɗaya a mako, ya faɗi duk abin da ya zo masa. Asalinsa daga birnin Biyana ne na ƙasar Ostiriya, inda Sigmund Freud da Josef Breuer suka fitar da littafinsu a 1895. Tushen maganar shi ne, abin da ya sami mutum tun yana ƙarami, da abin da ya danne bai furta ba, suna ci gaba da juya shi ba tare da ya sani ba.

Bari in kawo misali irin namu. A ce yaro ya taso a hannun kawu mai zafi, wanda bai taɓa yaba masa ba. Ya girma, ya shiga kasuwa. Duk mai gidan da ya samu sai ya yi masa bauta kamar ba gobe, yana jiran yabo. Ran da aka ɗan yi masa gyara sai ya ji an wulaƙanta shi, ya tattara ya bar shagon. Iyayen gida huɗu, labari ɗaya. Wani masani a Amurka, Lester Luborsky, ya tsara yadda ake gano irin wannan zaren ta tambayoyi uku: me mutum yake so a wurin mutane, me yake zaton za su yi masa, shi kuma yaya yake mayar da martani. Abin mamaki, ba a daɗewa sai mutumin ya fara yi wa likitan kallon kawun nan nasa. A nan aikin yake. Likita ba zai yi fushi ba, ba zai kore shi ba, sai ya nuna masa abin yana faruwa a gabansu.

To, ɗan kasuwa ba ya sayen kaya a cikin buhu. Shin yana aiki? Su ma Turawan sun daɗe suna gardama. A 1952 Hans Eysenck na Ingila ya ce babu shaidar cewa irin wannan hira ta fi barin mutum ya warke da kansa. Wannan suka ce ta tilasta aka koma gwaji: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan, a bar waɗancan a kan wani maganin, sannan a auna.

Gwaji biyu sun fi tsaya mini a rai. Na farko a Amsterdam ta ƙasar Holan, an buga shi a 2013. Mutum 341 masu ciwon damuwa, zama 16 kowannensu. An gwada hirar tonon zuci da wata hanyar da ta fi ta suna, wadda ke koya wa mutum gyara tunani da ɗabi'a. Ba a ga wani bambancin kirki tsakaninsu ba. Amma a duka biyun, waɗanda ciwon ya sake su sarai a ƙarshen zaman ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kun ga ke nan zama 16 bai ishi yawancin mutane ba.

Na biyu a asibitin Tavistock na Landan, ƙarƙashin Peter Fonagy, an buga shi a 2015. Mutum 129 da suka daɗe cikin damuwa, an gwada musu wasu magungunan ba a dace ba. An yi wa rabinsu hira mako-mako har wata 18. Da aka gama, tazarar ba ta da yawa. Amma bayan shekara biyu da aka sake dubawa, kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hirar sun sami sauƙi mai ma'ana, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 4 kacal. Wato abin kamar dashen goro ne, ba a cin ribarsa a shekarar farko.

Sai tambaya ta gaba: mene ne a cikin hirar yake warkarwa? A 2018 aka tattara bincike 295 da suka shafi mutum sama da 30,000. Abin da ya yi ta fitowa shi ne, inda aka sami yarda tsakanin likita da mara lafiya, suka daidaita a kan inda aka dosa da yadda za a je, an fi samun sauƙi, kowace hanya aka bi. Wallahi da na karanta wannan sai na ce ai amana ke nan, abin da muke kasuwanci da shi kullum.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce kawai. A Najeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, kowanne tare da ɗan'uwansa. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun riƙa zama da iyalai da masu maganin gargajiya, kuma daga can Marie-Cécile da Edmond Ortigues suka rubuta littafi a 1966 kan yadda wannan hira take idan an yi ta da ɗan Afirka, wanda dangi da kakanni ba sa fita daga maganarsa.

A nan Togo, mutum ya haura miliyan 8, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa da yatsu ake ƙirga su. Akwai asibitin Zebe a Aneho, akwai cibiyar Saint Jean de Dieu a Agoe-Nyive kusa da mu, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Campus. Gidauniyar Bluemind tana koya wa masu kitso yadda za su saurari mata, su gane wadda ya kamata a tura asibiti. Wannan ba hirar tonon zuci ba ce, amma ƙofa ce.

Shawarata uku. Idan mutum yana jin muryoyi, ko ya daina cin abinci, ko yana maganar kashe kansa, asibiti za a kai shi yau, domin wannan yana buƙatar likita da ƙwaya. Idan damuwa ce ta daɗe tana cin sa, a nemi masanin halayyar ɗan Adam, a tambaye shi wace hanya yake bi, zama nawa, nawa ne kuɗin, kuma da wane yare za a yi, don Faransancin kasuwa ba ya ɗaukar maganar zuci. Na uku kuma namu ne, mu iyayen gida da dillalai: wanda muka ji yana zuwa ganin likita, mu rufa masa asiri, kada mu yanke masa bashi. Addu'a muna yi, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.